Idan Shugaba Ya Kwanta Ciwo, Wa Zai Riƙe Ƙasa?

Sa'ad da nake gwajin koyarwa a gida Itas, ina ba 'yan aji shida darasin mulki, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in shugaban ƙasa ya kwanta ciwo, bai mutu ba, bai kuwa warke ba, wa ke da ƙasa?" Ran nan ban ba shi amsar kirki ba. Don haka na koma na bi maganar, ga kuwa abin da na samu, ko zai amfani 'yan'uwana malaman gobe.

Abin da yaron nan ya tambaya ya auku a Nijeriya. Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa, Gwamnan Katsina, shi jam'iyyar PDP ta tsayar a zaɓen fid da gwani na watan Disamba 2006. Tun ana yawon neman ƙuri'a, cikin Maris 2007, aka kai shi asibiti a Jamus, har aka yi ta raɗe-raɗin ya rasu. Ya komo, ya ci zaɓe, aka rantsar da shi ran 29 ga Mayu 2007. Ran 23 ga Nuwamba 2009 kuma aka tafi da shi Jidda, gama fatar da ke lulluɓe da zuciyarsa ta kumbura.

To, tsarin mulki na 1999 ya ajiye hanya uku. Sashe na 146 ya ce in shugaba ya mutu ko ya sauka, mataimaki ya hau. Sashe na 144 ya ce in kashi biyu cikin uku na Majalisar Zartarwa sun ce ciwo ya hana shi aiki, sai Shugaban Majalisar Dattawa ya naɗa likitoci biyar, har da likitan shugaban, su duba shi. Sashe na 145 kuwa ya ce in shugaba ya aike da takarda ga shugabannin majalisu biyu cewa zai tafi, mataimaki ya zama muƙaddashi.

Amma Malam Umaru bai bar takarda ba, dokar kuma ba ta faɗi abin da za a yi in ba a aiko ba. Ministoci kuwa shi ya naɗa su, ba su ɗauki hanyar sashe na 144 ba. Ayyuka suka yi ta tsayawa. A ƙarshen Disamba ma, da ba shugaban da zai rantsar da sabon Alƙalin Alƙalai, Katsina-Alu, sai wanda zai sauka, watau Idris Kutigi, shi ya rantsar da shi.

Kwana 78 ana cikin haka. Ran 9 ga Fabrairu 2010 sai majalisu biyu suka ce larura ta sa dole a yi abin da doka ba ta rubuta ba. Suka ɗauki hirar da shugaban ya yi da BBC cikin Janairu a maimakon takarda, suka mai da Goodluck Jonathan muƙaddashi. Mu mutanen ƙasar Katagum muna da namu a cikin labarin, gama Sakataren Gwamnati a lokacin shi ne Alhaji Yayale Ahmed, mutumin Shira. Yana cikin wakilan da aka aika Saudiyya, ba su kuwa sadu da mara lafiyan ba, domin an komo da shi Abuja cikin dare, ran 24 ga Fabrairu. Ya rasu ran 5 ga Mayu 2010. Kashegari aka rantsar da Jonathan, aka binne marigayi a Katsina.

Sa'an nan rigima ta biyu ta taso. A PDP akwai al'adar karɓa-karɓa tsakanin Kudu da Arewa. Obasanjo ya yi shekara takwas, saboda haka waɗansu manyan Arewa suka ce nasu takwas ba su cika ba. Mutanen Jonathan suka ce tsarin mulkin ƙasa bai san karɓa-karɓa ba, kowa na iya tsayawa. Cikin Nuwamba 2010 kwamitin Malam Adamu Ciroma ya zaɓi Atiku Abubakar daga cikin mutum huɗu, watau shi da Ibrahim Babangida da Aliyu Gusau da Bukola Saraki, don kada ƙuri'ar Arewa ta rabu. Duk da haka, a zaɓen fid da gwani na Janairu 2011 Jonathan ya sami 2,736, Atiku 805. Dalili kuwa, wakilai masu jefa ƙuri'a galibi gwamnoni suke bi, gwamnoni kuma sun fi son mai riƙe da kujera.

Ɗacin abin bai tsaya a Abuja ba. Bayan babban zaɓe na Afrilu 2011 tarzoma ta tashi a Arewa, mutum fiye da 800 suka hallaka, har da masu bautar ƙasa goma a jihar Bauchi, waɗansunsu a Giade, nan kusa da mu.

An dai koyi darasi. A 2010 aka gyara sashe na 145: in shugaba ya yi kwana 21 bai aiko da takarda ba, majalisu na da ikon ɗora mataimaki. Da Muhammadu Buhari ya tafi jiyya Landan a 2017, ya bar takarda, Yemi Osinbajo ya riƙe. Amurka ma ta sha irin wannan. Shugaba Wilson ya shanye a 1919, aka ɓoye wa jama'a tsananin ciwonsa, sai a 1967 suka toshe wannan kafa cikin tsarin mulkinsu.

Jama'a, ciwo ba abin kunya ba ne, ba kuwa wanda ya fi ƙarfinsa. Ɓoyewa ita ke jawo ɓarna. Mu ma wata rana waɗansunmu za su zama hedimasta. Ran da jiki ya ƙi, a rubuta takarda, a ba mataimaki mabuɗin ofis da rajista, don kada yara su zauna ba darasi. Wannan ita ce amsar da zan kai wa yaron nan in na koma Itas.