Gida Kusa da Tasha: Darasin da Zango Ya Bar Mana

Jama'a, duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi a Kasoa kafin kiran assalatu, ya san abin da muke nufi. Mata da kwanduna, magidanta da jakunkuna, yara 'yan makaranta da barci a ido, kowa yana jiran motar da za ta kai shi cikin Ankara. Tafiyar ba ta wuce kilomita 30 da 'yan kai ba, amma ranar da hanya ta cushe sai mutum ya ɓata awa biyu kafin ya isa. Mu malaman makaranta muna ganin sakamakon a aji, domin yaron da ya tashi ƙarfe huɗu na dare ba ya gane lissafi da ƙarfe goma na safe.

Me ya kai mutanenmu can? Kuɗin haya. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma kowa ya san shekara biyu ake nema. Wanda aka haifa a Nima ko Mamobi, in ya yi aure ya rasa ɗaki, sai ya nufi Kasoa ko Amasaman inda haya ke da dama-dama. To amma abin da ya rage wa mai gida, shi yake miƙa wa ɗan kamasho kullum, safe da yamma. An gudu ke nan ba a tsira ba.

Masana tsara birane suna da magani, kuma ba sabo ba ne. Suna cewa a shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ko ta manyan bas, sannan a tara gidaje, kasuwa, makaranta da asibiti kewaye da kowace tasha, yadda mutum zai taka da ƙafa cikin minti goma ya hau mota. Birnin Kuritiba na ƙasar Barazil ya gwada haka. Jaime Lerner ya zama magajin gari a 1971, a 1974 kuma aka keɓe wa bas hanyarsu su kaɗai. Sai hukuma ta ba da izinin dogayen benaye a gefen waɗannan hanyoyi, tana rage tsawon gini gwargwadon nisa daga titin. Da haka bas suka sami fasinja, fasinja suka sami bas a ƙofar gida.

Nan kusa da mu ma an fara. A Dakar an buɗe jirgin ƙasa zuwa Diamniadio a watan Disamba na 2021, sannan a 2024 bas masu aiki da lantarki suka fara zirga-zirga a kan hanya ta kansu mai tsawon kilomita 18. Mu kuwa an kawo mana bas ɗin Aayalolo a 2016 tsakanin Amasaman da tsakiyar gari, amma da yake ba a keɓe musu hanya daga farko har ƙarshe ba, sai suka shiga cunkoso tare da kowa.

Amfanin bai tsaya ga aljihu ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hayaƙin da ake fitarwa wajen ƙona makamashi a duniya, wanda ke ƙara ɗumamar yanayi, daga sufuri yake fitowa. Bas guda cike da mutane yana ɗauke wa titi ƙananan motoci da dama, wanda kuma kasuwarsa ke bayan gida ba ya ƙona mai ko kaɗan.

Sai dai a yi hattara. Duk inda tasha ta sauka, ƙasa takan yi tsada. A Kuritiba kanta, masu hali ne suka fi samun gidajen bakin hanya, talakawa da yawa suka ƙare a bayan gari. In ba a ware wa masu ƙaramin ƙarfi kasonsu tun kafin a aza tubali ba, gyaran zai zama kora da hali. Unguwanninmu na tsakiyar gari su ne za su fara shiga idon masu kuɗi, musamman gidajen gado da ba su da takarda.

Abin da muke roƙo ga sarakunan zango, limamai da ƙungiyoyin matasa shi ne su halarci zaman majalisun gundumomi idan ana maganar hanya ko fili, su tambayi ɗaki nawa aka ware wa talaka, kuma nawa ne hayarsa. Iyalai kuma su yi wa gidajen gado rajista tun da sauran dattawan da suka san iyaka.

Kada mu manta ma'anar sunanmu. Zango shi ne inda fatake ke sauke kaya a bakin hanya, kamar yadda masu fataucin goro suka yi a Salaga. Sunan Kasoa ma daga kalmar kasuwa ya samo asali. Kakanninmu sun san cewa gida, hanya da kasuwa ba sa rabuwa. Allah ya ba shugabanninmu ikon tuna wannan, ya kuma sauƙaƙa wa 'ya'yanmu hanyar makaranta, amin.