Ƙaton baƙin ramin da ke wucewa ta saman Kore Mairuwa kullum

A daren bazara, tsakanin ƙarshen Maris da Afrilu, idan dare ya raba, wani garken taurari da masana ke kira M87 yana tsayawa daidai tsakar kan mutanen Kore Mairuwa, garin da ke kan babbar hanyar Dosso zuwa Dogondutsi a ƙasar Arewa. Dalili shi ne garin yana kan layi na 13 arewa da tsakiyar duniya, shi kuwa M87 hanyarsa a sama tana bin layi na 12 da ɗoriya. Haka abin yake a Maraɗi da Sakkwato da Kano.

Ido ba ya ganinsa. Manomin da ya san Gamzaki da Kaza da Ƴaƴanta ba zai iya nuna shi ba, domin nisansa ya kai tafiyar haske ta shekara miliyan 55. Amma duk wanda ya ga hoton baƙin rami na farko da aka fitar ranar 10 ga Afrilu, 2019, wani zobe ja mai duhu a tsakiya da ya karaɗe Facebook da WhatsApp, to cikin M87 ya leƙa.

Garken taurari tarin biliyoyin taurari ne da ƙarfin jan juna ya ɗaure wuri guda. Ranarmu ma tana cikin irin wannan garke. Kusan kowane babban garke yana da baƙin rami a tsakiyarsa, wato wurin da nauyi ya taru har haske ba ya iya kuɓuta. Na M87 ya ninka nauyin rana sau biliyan shida da rabi. Idan iskar gas ta gangaro cikin ramin, ba duka yake haɗiyewa ba. Wani kaso yana fita ta ɓangarori biyu kamar feshin ruwa daga tiyo, da gudun da ya kusa na haske, kuma wannan feshi ne ke fitar da igiyar rediyo. Tun 1918 Heber Curtis na Amurka ya hango feshin M87 a hoto, amma sai bayan yaƙin duniya na biyu, da aka ƙera na'urorin sauraron sama, aka gane girman lamarin.

M87 ba shi kaɗai yake ba. Yana zaune ne a tsakiyar gungun Virgo, mai garake sama da dubu. Sararin da ke tsakanin garaken cike yake da gas mai zafin miliyoyin digiri, kuma a nan ne masana suka yi karo da wata matsala. A lissafi, ya kamata gas ɗin tsakiyar gungu ya huce, ya dunƙule, ya haifi sababbin taurari masu ɗimbin yawa. Da aka duba, ba a same su ba. Amsar da ta fi karɓuwa a yau ita ce feshin baƙin rami ne ke hura manyan kumfa a cikin gas ɗin yana sake ɗumama shi, kamar mai tura itace a murhu kada tukunya ta huce. Na'urar Chandra ta hukumar NASA ta ɗauki hoton irin waɗannan kumfa a gungun Perseus da kuma kewayen M87.

Afirka tana da hannu a wannan bincike tun da daɗewa. A 1974, Bernie Fanaroff ɗan Afirka ta Kudu, lokacin yana ɗalibi a Jami'ar Kambirij ta Ingila, shi da Julia Riley suka raba garake masu igiyar rediyo gida biyu: waɗanda haskensu ya fi ƙarfi kusa da tsakiya, da waɗanda ya fi ƙarfi a can bakin feshin. Har yau da sunayensu ake kiran wannan rabo. Daga baya Fanaroff ya jagoranci ƙoƙarin ƙasarsa na karɓar baƙuncin SKA, na'urar sauraron sama mafi girma da duniya ke ginawa.

A watan Yulin 2018 Afirka ta Kudu ta buɗe MeerKAT a hamadar Karoo: faranti 64, kowanne faɗinsa mita 13 da rabi, masu kama da dish ɗin talabijin amma suna aiki tare kamar kunne ɗaya. Da ita ne ayarin da ya haɗa da Kathleen Charlton, ɗaliba a Jami'ar Cape Town, ya gano wani ƙaton garke da aka sanar a Janairun 2025. Feshinsa ya kai tsawon tafiyar haske ta shekara miliyan uku da ƴan kai, ɗaya ɓangaren ya lanƙwashe, kuma yana zaune a tsakiyar gungu, inda ake zaton cunkoson gas zai hana feshi yin nisa haka. Saboda wahalar fahimtarsa suka raɗa masa suna Inkathazo, wato "matsala" da harshen Zulu.

A Afirka ta Yamma, Ghana ce ta shiga gaba. A Kuntunse, kusa da Accra, an gyara wani tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 aka mai da shi na'urar sauraron sama, aka buɗe shi a Agustan 2017. Ghana na cikin ƙasashen Afirka takwas da ke haɗin gwiwa da Afirka ta Kudu a shirin SKA, tare da Botswana, Kenya, Madagaska, Moris, Mozambik, Namibiya da Zambiya. Babu Nijar a jerin, babu Najeriya.

Rashin shiga ba asarar kallon taurari kawai ba ne. Wanda ya koyi aiki da irin waɗannan na'urori ya koyi haɗa eriya, sarrafa bayanai masu yawa da rubuta manhajar kwamfuta, sana'o'in da kamfanonin waya da bankuna da masu hasashen damina ke nema ruwa a jallo. Aikin ginin SKA ya soma a Disamban 2022, kuma ɗaliban da ake horarwa yanzu su ne za su riƙe shi.

Ƙofar ba a rufe take ba. Bayanan MeerKAT ana sakinsu ga kowa bayan wani wa'adi, kuma dandalin Zooniverse na intanet yana ba ƴan sa-kai damar taya masana tantance hotunan garake daga wayarsu. Nijar kuma ba baƙuwar kimiyyar sama ba ce: babbar jami'ar Yamai tana ɗauke da sunan Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, masanin fiziks da ya yi suna a binciken makamashin rana. Abin da ya rage shi ne sashen fiziks a Yamai ko Kano ya nemi guraben karatu a Accra da Cape Town, a kuma samu matasan da za su cike su.