Gilashi, Esi Da Ƙurar Hunturu: Wa Zai Sauya Iskar Gine-ginen Katsina?

Ƙofar Guga tana cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Katsina, sa'ar su Ƙofar Sauri da Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi da Ƙofar 'Yanɗaka. Wanda ya ratsa ta yau zai ga gini iri biyu kafaɗa da kafaɗa. A cikin lunguna akwai ragowar ginin ƙasa, bango mai kauri na tubali, rufin azara, taga 'yar ƙarama can sama, da zaure wanda ƙofarsa ba ta rufuwa sai dare ya yi. A bakin titi kuwa bulo ne da siminti da gilashi da silin, ga akwatunan na'urar sanyaya ɗaki, wadda kowa ke kira esi, maƙale a jikin bango suna ɗigar da ruwa. Maginan da suka ɗaga hasumiyar Gobarau, da waɗanda suka gina tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, sun bar wa bango aikin tare zafi, suka bar wa ƙofa da taga aikin sauya iska. Mu kuma mun miƙa aikin farko ga esi, na biyun muka bar shi ba mai yi.

Esin da muke maƙalawa a bango ba ya shigo da iska daga waje. Ta cikin ɗakin yake zuƙa, ya sanyaya ta, ya maido. Bututun da ya ratsa bango zuwa akwatin waje gas ne kawai ke bi ta cikinsa. Ke nan idan aka rufe ƙofar gilashi a kan mutum talatin a ɗakin taro, ko zauren banki, ko wurin jiran likita, numfashin da suka fitar shi ne za su yi ta maimaitawa, an dai sanyaya musu shi. Iskar waje tana ɗauke da kabon dayokzaid kimanin kashi 420 cikin miliyan, wadda ta fito daga huhun mutum kuwa tana da kusan 40,000. Tun a 1858 wani masanin tsafta na birnin Munik a Jamus, Max von Pettenkofer, ya ce idan iskar ɗaki ta haura 1,000 to ta tsufa, a sauya ta. Har gobe da wannan ma'auni ake fara awo. Nauyin kai da hamma da kasalar da ke saukar wa ma'aikata bayan azahar, muna ɗora su a kan tuwon rana, alhali sau da yawa iskar ɗakin tana da nata kason.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne cuta. Tarin fuka da ƙyanda a iska suke tafiya. Sanƙarau, wanda a 1996 ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya ya kashe fiye da 11,000, mafi yawa a nan Arewa, ya kuma dawo a 2017 har Katsina tana cikin jihohin da ya fi taɓawa, yana samun gindin zama ne inda aka cunkushe cikin zafi da ƙura. A 2021, lokacin annobar korona, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa shigar da sabuwar iska aƙalla lita 10 a kowane sakan ga kowane mutum a wuraren taruwar jama'a. Turai da Amurka sun taɓa faɗawa ramin da muke haƙa yanzu. Bayan tsadar man fetur ta 1973 sai suka toshe gine-ginensu don tattalin makamashi, har ƙungiyar injiniyoyin Amurka mai tsara waɗannan ƙa'idoji, ASHRAE, ta amince a 1981 da lita biyu da rabi kacal ga kowane mutum a inda ba a shan taba. Ma'aikata suka yi ta ƙorafin ciwon kai da ƙaiƙayin ido, a 1989 dole ta ninka adadin sau uku.

To a buɗe taga mana? Mai gini zai ce sanyin da ya saya da kuɗinsa zai gudu, kuma gaskiyarsa. A watan Afrilu da Mayu zafin Katsina kan kai digiri 40, ga kuɗin wuta. A Afrilun 2024 aka ɗaga farashin wutar masu rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, kuma kamfanin KEDCO da ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa yana cikin masu karɓa. In aka ɗauke sai janareta da dizal. A wannan tsaka mai wuya ne na'urar da nake son bayani take shigowa, wato na'urar sauya iska mai ceto sanyi, wadda injiniyoyi ke kira ERV a taƙaice.

Akwati ne na ƙarfe da ake girkawa a saman gini, da fanka biyu a ciki. Ɗaya tana jawo sabuwar iska daga waje, ɗaya tana fitar da tsohuwa daga ciki, kowace da hanyarta. A inda hanyoyin biyu suka gifta juna akwai wani faifai mai kauri, cike da dubban ƙananan ramuka, yana juyawa a hankali, kamar sau ashirin a minti. Rabinsa yana cikin iskar da ke fita, yana ɗaukar sanyinta. Da ya juyo cikin iskar da ke shigowa sai ya zuƙe zafinta, ya sake juyawa ya zubar da zafin a hanyar fita. Ana shafe ramukan da wani sinadari mai shan laima, dangin ƙwayoyin nan da ake samu a 'yar leda cikin kwalin sabon takalmi, don haka laima ma yana musayar ta. Akwai wani samfurin da ba ya juyawa, takardu ne na musamman a jere, iska biyu suna wucewa ta tsakaninsu ba tare da sun gauraya ba. Kamfanin Mitsubishi na Japan ya fito da irinsa a 1970 da sunan Lossnay. Shi kuwa faifan, asalinsa daga injiniyan Suwidin Fredrik Ljungström ne, wanda ya ƙirƙiro shi a 1920 don tukwanen tururi na masana'antu.

Allah Ya riga Ya yi wa raƙumi irin wannan a hanci. Masani Knut Schmidt-Nielsen da abokan aikinsa sun nuna a 1981 cewa lungunan hancin raƙumin da ƙishirwa ta kama suna ƙwace laima da zafi daga numfashin da zai fita, su mayar wa wanda zai shiga. Da wannan yake tattalin ruwan jikinsa a hamada.

Ga lissafi da kowa zai iya bi. A ce waje digiri 40 ne, ciki 24, tazara 16 ke nan. Faifai mai kyau yana ceto kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari, mu ɗauki 70. Iskar da za ta isa ga esi za ta sauko kusan digiri 29 tun kafin ya taɓa ta. Mutum 30 suna buƙatar lita 300 a sakan, kuma sanyaya wannan daga 40 zuwa 24 aikin kilowat 6 ne saura kaɗan. Faifan ya ɗauke kimanin 4 daga ciki, fiye da abin da esi guda mai doki ɗaya da rabi yake iya bayarwa. A cire wutar da fankoki biyu za su ci, ragowar ita ce riba. A watan Agusta, da iska ta yi nauyi da ruwa, faifan zai rage laimar da ke shigowa. Da hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa hanci ke haɓo, zai riƙe 'yar laimar cikin ɗaki kada ta tsere duka. Da asubahin Janairu kuma, in waje ya fi ciki sanyi, ana tsayar da faifan ne a bar iska ta shigo da sanyinta kyauta.

Ba kowane gini ke buƙatarta ba. Mai shagon da ƙofarsa ke buɗe tun safe kada ya ɓata kuɗinsa. A Maraɗi da Yamai mutane da yawa suna amfani da na'ura mai hura iskar waje ta cikin jiƙaƙƙen abu, kuma a bushewar bazara tana aiki sosai da wuta kaɗan, muddin an bar wa iska mafita. Masu buƙatar ERV su ne gine-ginen da aka rufe ruf kuma jama'a ke cika su: ɗakunan biki, cibiyoyin jarrabawar kwamfuta, bankuna, otal-otal da asibitoci.

Aikin girkawa daga rufi yake farawa. Akwatin babban gini yana da nauyin ɗaruruwan kilo, wani ya haura tan guda, rufin kwano a kan katako ba zai ɗauka ba. Sai rufin kankare ko dandamalin ƙarfe da injiniyan gini mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN ya lissafa ya sa hannu. A ɗaga shi da motar ƙugiya, a ɗora a kan gindi da ya ɗaga daga rufin, a daidaita shi da ma'aunin ruwa, domin faifan da ya karkace yana cin borisinsa. Duk inda bututu ya huda rufi a liƙe da kyau, kada kuma gindin ya tare wa ruwa hanyar indararo. Bututun da ke fili a naɗe shi da audugar gilashi a rufe da kwano, in ba haka ba ranar Katsina za ta ƙwace sanyin da faifan ya ceto kafin ya isa ɗaki.

Inda bakin shan iska zai fuskanta magana ce ta rai. Janareta yana bayan kusan kowane gini, hayaƙinsa kuma yana ɗauke da kabon monokzaid, gubar da ba ta da wari kuma take kashe mutane cikin barci. Bakin da ya kalli salansar janareta zai raba wannan guba ɗaki-ɗaki. A nisanta shi daga nan, da bututun warin masai, da hayaƙin kicin, a kuma bar aƙalla mita 3 tsakaninsa da bakin da ke fitar da tsohuwar iska. A juyar da shi daga gabas da arewa maso gabas, don daga can hunturu ke busowa, daga can kuma hadari ke tasowa da guguwarsa. Tsofaffin magina sun san bangon gabas ne ke fara zaizayewa. A asibiti akwai ƙarin sharaɗi: faifai mai juyawa yana iya ɗan tsallakar da tsohuwar iska zuwa sabuwa, saboda haka iskar ɗakin masu tarin fuka ba ta bi ta cikinsa, kai tsaye ake fitar da ita. Kafin a sallami mai aiki ya auna iskar kowane ɗaki ya rubuta, ya kuma saita mai shiga ta ɗan fi mai fita yawa, yadda in an buɗe ƙofa iska za ta tura waje, ƙurar titi ba za ta kutso ba.

Babbar abokiyar gabar wannan na'ura a ƙasarmu ita ce ƙura. A arewacin Chadi akwai kwarin Bodele, busasshen gindin tsohon tafki, wanda masana ke lissafa shi a matsayin wurin da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris iska tana kwaso garinsa ta yo kudu maso yamma da shi, shi ne hazon da ke rufe mana rana ya hana jirage sauka, wani ma har yakan tsallake teku ya kai dajin Amazon. Littafin da ke zuwa da na'urar yakan ce a duba filta bayan wata uku. Wanda ya bi wannan a Katsina cikin Disamba zai tarar filtar ta toshe, fanka tana nishi tana cin wuta, ɗakin kuma ya koma yadda yake kafin a kashe miliyoyi. Mafi muni shi ne mai gyara ya zare filtar ya ajiye don iska ta wuce. Daga ranar ƙura za ta shige ramukan faifan, laimar damina ta zo ta daskarar da ita, abin da ya fi komai tsada a akwatin ya lalace.

A ganina filta hawa biyu wajibi ce a nan: ta gaba mai manyan ƙofofi wadda ake wankewa, ta baya mai laushi wadda ake sauyawa. A gabansu a sa shingen tare yashi irin wanda ake amfani da shi a Saudiyya da Dubai, da raga don tattabaru da ƙadangaru. A ɗaura agogon da ke nuna bambancin ƙarfin iska gaba da bayan filta, shi zai faɗi ranar sauyi. Da hunturu a hau duk mako. A kashe wuta daga babban makunni, a kulle shi, kafin a buɗe akwatin. A duba bel ɗin da ke juya faifan, domin in ya tsinke fankoki za su ci gaba da hurawa, ba wanda zai lura sai takardar kuɗin wuta ta zo. A duba burushin gefen faifan, a sa wa boris giris, a cire gidan zanzaro daga bututun zubar ruwa kafin damina. Faifan da injin zuƙar ƙura ake share shi ko iska marar ƙarfi, mai takarda kuwa ba a kai masa ruwa ko kaɗan. Wutarmu mai hawa da sauka tana ƙona injin fankoki, don haka a sa masa na'urar da ke yankewa in layi ɗaya ya faɗi.

Duk wannan mutum ne zai yi shi, kuma nan ne giɓinmu yake. Katsina tana da masu gyaran esi da firji ƙwararru, amma auna iska da saita ta wani fanni ne da ya kamata Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman Katsina da makarantun koyon sana'a su ɗauka da gaske. Masu duba taswirar gini kuma su riƙa tambayar ta ina iska za ta shiga ɗakin da zai ɗauki mutum ɗari biyu. Shi ma mai gini, tun kafin ya biya kuɗin na'ura, ya sa a rubuta masa a yarjejeniya girman filta da inda ake samun ta a Katsina ko Kano, a kawo masa ta shekara guda da bel na ajiya, a gina matakala ta dindindin zuwa saman rufin, a kuma koyar da ma'aikacinsa guda biyu a gabansa.