Digiri Na Biyu A Fannin Kuɗi: Jan Hankali Ga Matasan Potiskum Kafin Su Yanki Fom

Duk wanda ya taɓa shiga garin Potiskum ranar Laraba ya san mutanensa sun ƙoshi da sanin ciniki. A wannan rana ce kasuwar shanu take ci, wadda ake lissafa ta cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, ana ɗora shanu a tireloli zuwa Kudu, miliyoyin Naira suna sauya hannu kafin la'asar. To amma ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin Naira a farkon 2023 ya nuna wa fatake da dillalai cewa ciniki na yau yana bukatar wanda ya san banki ciki da bai. Ba abin mamaki ba ne da 'ya'yansu masu digiri, a Dogo Tebo da sauran unguwanni, suka shiga tunanin komawa jami'a su ƙaro digiri na biyu a fannin kuɗi.

Niyya ce mai kyau, sai dai gaggawa a cikinta tana jawo asarar kuɗi da shekaru. Abu na farko da ya kamata mai nema ya gane shi ne digirin iri biyu ne. Akwai na nazari, watau MSc, wanda ake kammalawa da rubuta kundin bincike, shi ne kuma matakalar mai son koyarwa a jami'a ko yin digirin dakta. Akwai kuma na ma'aikata, irin su MBA, wanda galibi ake yi a ƙarshen mako, kuɗinsa ya fi yawa, an kuma tsara shi domin ma'aikatan banki da baitulmali da 'yan kasuwa. Jami'o'inmu da yawa ba sa karɓar irin na biyun kai tsaye ga mai neman digirin dakta. Saboda haka malamin da ke koyarwa a Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Potiskum, in burinsa ya ci gaba a aikin koyarwa, ya lura da kyau kada ya kashe shekara biyu a kan takardar da ba za ta kai shi inda ya nufa ba.

Sa'an nan sai batun inda za a je. Jihar Yobe, wadda aka ƙirƙiro daga Borno a 1991, tana da jami'ar jiha a Damaturu da ta tarayya a Gashuwa, ga kuma tsofaffin jami'o'i a Maiduguri da Bauchi da Kano da Zariya. Kada girman suna ya ruɗi mai nema. Abin da zai bincika shi ne ko Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da wannan kwas, da yawan manyan malaman da za su duba kundin ɗalibai, da kuma shekarun da waɗanda suka riga shi suka yi kafin su fita. Hanya mafi sauƙi ita ce ya nemi ɗalibin da ke ciki ya tambaye shi, gama mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ga wanda zuciyarsa ba ta kwanta da kuɗin ruwa ba, Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiya ta musamman mai koyar da harkar banki da kuɗi bisa tsarin Musulunci. Wannan fanni ya yi ƙarfi tun da bankin Jaiz ya buɗe ƙofa a 2012, TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021, Gwamnatin Tarayya kuma ta fitar da takardun sukuk na farko na Naira biliyan 100 a 2017 domin gina hanyoyi. A gari irin Potiskum, inda ɗan kasuwa zai gwammace ya haƙura da faɗaɗa cinikinsa da ya ci bashi mai ruwa, masanin wannan fanni yana da aikin yi.

Game da sharuɗɗa, galibin jami'o'i suna neman digiri na farko a fannin akanta ko tattalin arziki ko kasuwanci ko banki, da sakamakon da bai gaza mataki na biyu ba, da kiredit biyar na sakandare har da Turanci da lissafi, da takardar kammala bautar ƙasa, da wasiƙun shaida daga malamai. Mai babbar difloma ta HND, ko wanda ya fito daga wani fanni dabam, yawanci sai ya fara yin diflomar gaba da digiri ta shekara guda. Abin da ya fi kayar da masu nema shi ne cikakken sakamakon karatu da tsohuwar makaranta take aikawa da kanta, domin yakan ɗauki watanni. Mai hankali tun kafin a fara sayar da fom yake neman nasa.

Akwai kuma masu hangen ƙetare. A nan sai a yi lissafi da idon basira. A watan Mayu na 2023 Dalar Amurka tana wajen Naira 460 a farashin hukuma, amma a 2024 ta haura Naira 1,500, watau kuɗin makaranta ya ninka fiye da sau uku ga mai biya daga gida. Tun Janairun 2024 Ingila ta hana yawancin ɗaliban digiri na biyu tafiya da iyalansu. Tallafin Chevening na gwamnatin Ingila yana ɗaukar nauyin karatun shekara guda, amma yana bukatar gogewar aiki ta shekara biyu da alkawarin dawowa gida. A Malesiya akwai jami'ar INCEIF, wadda babban bankin ƙasar ya kafa a 2005 musamman domin ilmin kuɗi na Musulunci. Duk waɗannan ana nemansu ne kai tsaye ta intanet. Wanda ya ce a ba shi kuɗi ya samo gurbi ko tallafi, a yi hattara da shi.

Har ila yau, wanda nufinsa aikin akanta ne zalla ya auna tsakanin digirin da jarrabawar ƙungiyoyin ƙwararru irin su ICAN da ANAN, domin a ofisoshi da yawa takardarsu ake fara tambaya.

Kiranmu ga iyaye da attajiran Potiskum shi ne, kafin uba ya sayar da bijimi ya biya kuɗin makaranta, ya zaunar da ɗansa ko 'yarsa ya ji wane digiri ne, a ina, shekara nawa, kuma wane aiki za a yi da shi. Su kuma matasa su tuna cewa kasuwar da ta biya musu karatu tana jiran masu tsara mata littafin ciniki, da inshorar tireloli, da hanyar samun jari na halal. Allah ya sa a yi karatu mai amfani.