Yaran Titi a Finafinai

Duk wanda ya ratsa Gyaɗi-Gyaɗi ta Titin Zariya da hantsi zai ga yara a bakin hanya, waɗansu da robar bara, waɗansu suna goge gilasan motoci. Kusa da nan, a Titin Gidan Zu, masu shirya finafinan Hausa da yawa suka kafa ofisoshinsu. Tazarar ba ta wuce tafiyar ƙafa ba, amma da wuya a ga fim ɗin da ya ɗora labarinsa a kan irin waɗannan yara.

A waɗansu ƙasashe kuwa, wannan fanni ne mai zaman kansa. A 1950 Luis Buñuel ya shirya Los Olvidados, watau "Waɗanda Aka Manta", a kan yaran unguwannin talakawa na birnin Meziko. Mira Nair ta biyo da Salaam Bombay! a 1988, labarin wani yaro mai tallar shayi da ke fafutukar tara rufi 500 domin ya koma wajen mahaifiyarsa. Abin da ya haɗa irin waɗannan finafinai shi ne, ba su nuna yaro a matsayin tushen ɓarna ba. Sata da ƙwaya da sauran haramtattun sana'o'i duk manya ne ke riƙe da su, yaro ɗan aike ne kawai. Haka abin yake ga caca a ko'ina: mai shimfiɗa karta a lungu shi ke kwashe riba, yaron da ya zuba ɗan abin da ya samo a dako shi ke kwana da yunwa.

Sai dai akwai tambayar da fannin bai warware ba, watau ina makomar yaron bayan an naɗe kayan aiki? Fernando Ramos da Silva, wanda Hector Babenco ya ɗauko daga unguwar talakawa ya fito a Pixote, fim ɗin Burazil na 1980, ya koma inda ya fito. 'Yan sanda suka harbe shi a 1987, yana ɗan shekara 19.

A Kano, caca laifi ce a dokar Shari'ar da jihar ta kafa a 2000, kuma tun 2001 akwai Hukumar Tace Finafinai. Saboda haka idan ɗan caca ko ɗan daba ya fito a fim ɗin Hausa, galibi domin ya tuba ne, ko a hukunta shi. Wa'azi ya samu, amma dalilin da ya kai shi lungun ba a cika bincikarsa ba.

Fim ɗin da ya sha bamban shi ne Duniya Juyi Juyi na 2011. Almajirai 9 ne suka tsara labarin, suka fito a ciki, suka kuma riƙe kyamarar da kansu, tare da Hannah Hoechner, wata mai bincike Bajamushiya, da tallafin Cibiyar Goethe. A nan ya kamata a bambance: almajiri ba ɗan titi ba ne irin na Bombay, domin yana da malami da makaranta da iyayen da suka kawo shi. Abin da yaran suka fi nunawa kuwa shi ne wulakancin da suke sha a gidajen da suke yi wa wanke-wanke da aike, da yadda ake ɗora musu laifin da ba su aikata ba.