Ma'aunin Ruwan Sama a Farfajiyar Makaranta



Ka tambayi wani dattijo a Gashuwa ko Maraɗi ko ya taɓa jin kalmar "sauyin yanayi", wataƙila ya ce a'a. Amma tambaye shi yadda damina take a ƙuruciyarsa, sai ya gyara zama. Zai ce maka yanzu ruwan shuka kan sauko ya ɗauke, sai an maimaita shuka. In kuma ya tashi zuba, na wata guda sai ya sauko a dare ɗaya. Binciken Afrobarometer na 2022 ya nuna mafi yawan 'yan Najeriya ba su taɓa jin wannan kalma ba. Kalmar ce baƙuwa, abin kam yana gonarsu.

To, ta ina malami zai ɓullo wa darasin sauyin yanayi?

A 1958 wani masani ɗan Amurka, Charles David Keeling, ya fara auna iskar kabon dayoksaid a kan dutsen Mauna Loa da ke Hawayi. Ya samu kimanin kashi 315 cikin miliyan. Yau ta haura 420. In aka zana alƙaluman a allo, layin yakan yi hawa da sauka kamar haƙoran zarto, domin tsirrai na zuƙar iskar in sun yi ganye, ta ƙaru in sun kaɗe. Duk da haka, kowace shekara zarton sama yake yi. Wannan iska, wadda ƙona fetur da gas da kwal ke ƙarawa, tana riƙe zafi kamar bargo. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tun da aka fara ajiye bayanai.

Sai dai yaro ɗan aji biyar bai san Hawayi ba. Abin da ya sani shi ne hunturun da ya fasa masa leɓe, don haka zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, ina zafin yake?" Kada a yi masa dariya, tambayarsa mai kyau ce. A nan ne za a nuna masa cewa sanyin mako guda ba ya yanke hukunci. Masana kan duba shekaru talatin.

Ni a ganina, a fara da gorar roba. A yanke bakinta, a manna mata rula, a kafa ta a fili nesa da bishiya. Duk safiyar da aka kwana da ruwa, yaro ɗaya ya duba, ya rubuta milimita nawa a littafin aji. Ƙarshen damina a gwada da hasashen da hukumar kula da yanayi ta NiMet ta fitar, sannan a gayyato wancan dattijo ya faɗi nasa.

Malamanmu na firamare da sakandare, don Allah kafin ruwan farko ya sauka, a kafa gorar nan.