Dogon yaro a kududdufin Tsiga: ko zai iya da sauro?

Kowane gidan ƙasa a Tsiga, cikin ƙaramar hukumar Bakori, ya bar ramin da aka haƙo ƙasarsa. Damina na sauka ramin ya zama kududdufi, macen sauro ta zuba ƙwai, cikin mako guda zuwa kwana goma tsutsar ta yi fiffike ta shiga ɗakuna. Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da masara ke nuna, zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya 'yan Nijeriya ne.

Masana sun daɗe suna gwada ruwan ganyayyaki a kan tsutsar sauro, har da tumfafiya da ɗoɗɗoya, amma dogon yaro ya fi samun shaida. Sinadarinsa, azadiraktin, wanda aka fara ware shi a Ingila a 1968, yana hana tsutsar saɓa, sai ta mutu ba ta zama sauro ba. Ya fi yawa a ƙwallon fiye da ganyen, kuma rana na saurin lalata shi.

Gwajin da ya fi kama da halinmu an yi shi ne a ƙauyen Banizoumbou, yammacin Nijar, a daminar 2007. An daka ƙwallon dogon yaro ana barbaɗa garin a ramukan ruwa sau biyu a mako, sai matan sauro masu ɗauke da cutar suka ragu da kashi 49 cikin ɗari. Turmi da taɓarya ne kayan aikin.

Wannan ya dace da yankin auduga irin na Funtuwa da Malumfashi, inda ake yawan feshin gona, domin sauron da ya tashi cikin ruwan feshi kan daina jin magani. Sai dai sauro na haihuwa har a sawun kofaton shanu da na tayar mota, waɗanda ba mai iya bin su duka, don haka gidan sauro na nan daram. Kududdufin da dabbobi ke sha ko ake kamun kifi kuma sai an auna adadin da za a zuba.

Abin da ke damuna shi ne yawancin binciken jami'o'inmu a cikin kwalba yake ƙarewa. Ya kamata ɗaliban Zariya da Dutsin-Ma su fito fili, su ƙirga ramukan Tsiga tare da masu unguwanni, su yi damina guda suna zuba garin a rabinsu, su ƙidaya sauron da ke shiga ɗakunan ɓangarorin biyu.